Sai Mijin Azara Ya Sa Hannu

Masu karatu, ku gyara zama. Yau zan gaya muku yadda aka yi ni, budurwar da ko sadakinta ba a yanka ba, na wayi gari da miji da ƴaƴa biyu ban sani ba. Kar ku fara dariya tukuna, don ni a lokacin ba ta dariya nake ba.

Sunana Baraka. Shi aka raɗa min a ƙauyenmu can wajen Tagriss, kuma da shi ake kirana a gida. Amma duk wata takarda da na mallaka a duniya, daga ta aji ɗaya har ta bak, wato jarrabawar gama sakandare, Azara Mamani ke rubuce a kai. Azara kuwa tana nan da ranta. Taubashiyata ce, ɗiyar kawuna Elhaji Mamani mai hatsi, wanda ya ɗauko ni zuwa Dakoro bayan rasuwar iyayena.

Ga yadda abin ya faru. A zamanin Nasara gardi, dogarin hukuma, shi ke bi gida-gida yana rubuta yaran da za a kai lakwal, wato makarantar boko, sai aka rubuta Azara. Inna Uwale, matar Kawu, ta ce sai dai bayan ranta. Ranar da gardi ya zo tafiya da yarinya aka cusa Azara cikin rumbu, ni kuma aka wanke ni tas, aka ɗaura min zanenta, Inna ta riƙe kunnena ta ce, "In Mushe ya ce Azara, ki ce ga ni." Na ce to. Mushe, haka muke kiran malamin lakwal da duk wani ma'aikaci. Ba wani sirri ba ne, kaf Dakoro an sani, kuma ba gidanmu kaɗai aka yi haka ba. Kowa ya ɗauka ƴan shekaru zan yi a koro ni. Sai ga kan nan nawa ya kama karatu, daga Dakoro sai Maradi, daga Maradi sai lise, babbar sakandare, a Yamai, ina ta amsa sunan mutane.

Shekara bakwai da samun mulkin kai na ci bak. Lokacin ƙasarmu ba ta da jami'a, sai dai gwamnati ta ba ka bursi, wato kuɗin karatu, ta tura ka waje. Kafin jarrabawa kowa kan rubuta fannoni uku da yake so. Da damina sai wani kwamiti ya zauna a Yamai, su duba makinka, su duba shekarunka, su duba abin da ƙasa ke buƙata, su jefa ka inda suka ga dama. Ba sa ganin fuskarka, kai ma ba ka ganin tasu. Ni likita na rubuta na farko, kuma da an bar ni, na biyu da na uku ma likitan zan maimaita. Na dawo Dakoro hutu na zauna jiran rediyo.

E, rediyo. Ba mu da wayar da kuke latsawa ƙarƙashin bargo. Rediyo ɗaya ce a unguwarmu, ta Kawu, mai ƙaton batir, tana zaure bisa buhun wake an lulluɓe ta da ƙyalle don ƙura.

Wata azahar ina tsakar gida ina tsince wake, ɗaure da tsohon zane, kaina ba kallabi, sai na ji Kawu ya ƙwala kira.

"Baraka! Baraka! Ke Azara!"

Na watsar da faifan na ruga. Na tarar da zauren cike da ƴan dako da masu awo, kowa ya yi tsit. Mai sanarwa yana maimaita sunaye da Faransanci, sai na ji shi da kunnena: Azara Mamani, Dakar, farmasi.

Farmasi! Ni da ban rubuta shi ko a na uku ba. Na tsaya riƙe da ƙyauren zaure, na rasa murna zan yi ko kuka.

Kawu ya ce, "Mi ne ne farmasin?"

"Masu haɗa magani, Kawu."

"A sayar?"

"E, a sayar."

Ya shafa gemu ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe dai kasuwa ce."

Kafin la'asar gida ya cika da guɗa. Don tsokana, rabin matan unguwa gidan Azara suka fara zuwa yin barka. Can sai ga ta ta shigo, goye da ƙaraminta, babban yana riƙe da gefen zanenta, hannuwanta duk garin gero.

"Ina baiwar tawa? An ce na ci jarrabawa za ni Dakar. Yo ba a gaya min da wuri in yi kitso ba?"

Na ce, "Ki fara koyon rubuta sunan naki tukuna, uwar son banza."

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Mu taubasai haka muke, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu yi ba.

Yanzu bari in gaya muku wane ne saurayina Mijinyawa, don na san wurin nan kuke jira. Mushe ne a lakwal ta Dakoro. Dogo, baƙi, mai farar riga mai gajeren hannu da kullum sai ka rantse yanzu aka sauke ta daga guga, biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Yana da keke wanda yake gogewa fiye da yadda wasu ke wanke ƴaƴansu. Magana kuwa sai ya auna ta kafin ya sake. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba, son da in na ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gida sai in manta abin da ke kan wuta. Manyansa sun riga sun zo gaisuwa wajen Kawu. An tsayar cewa in rediyo ta kira ni, za a ɗaura aure kafin in tafi, tarewa kuma sai na dawo hutu.

Da ya zo min barka, bai ma jingine keken ba ya fara lissafa min abin da ke gabana.

"Dosiye za ki haɗa. Takardar haihuwa, hotuna, gwajin likita, allurar shawara, takardar alkawarin za ki yi wa gwamnati aiki in kin gama, sannan fasfo. Gobe ki fara da buro, ofishin hukuma, kar ki yi wasa, don in dosiye bai isa Yamai kafin ƙarshen wata ba, na bayanki za a ba."

Na ce, "Mushe, barkar ke nan?"

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. "Barka, Baraka. Na ji daɗi har ban san yadda zan faɗa ba."

Washegari na ci ado kamar mai zuwa biki. Atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye da Kawu ya kawo min daga Katsina, kallabi na kafa shi gefe guda irin na ƴan Yamai, takalmi mai ɗan tudu, takarduna cikin ambulan a hammata. Ina tafe ina jin kaina. Allah na tuba, har gaisuwar mutane ina amsawa da ka.

A buro na sami Cindo komi, akawun da ke rubuta takardun haihuwa da na aure. Ya san ni tun ina yawo ba riga. Ya yi min barka, ya karɓi ambulan ɗin, ya jera takardun bisa tebur, sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Saura izinin miji."

Na yi dariya. "Ba a ɗaura ba tukuna, Mushe Cindo. Izinin Kawu zan kawo."

"An ɗaura mana. Ni na rubuta shi da hannuna."

"Auren wa?"

"Auren Azara Mamani da Almu. Ƴaƴa biyu."

Na jawo benci na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

Almu shi ne mijin Azara, malamin dabbobi ne mai bin rugage yana yi wa shanu allura. Da yake ma'aikacin gwamnati ne, da aka yi aurensu sai ya zo buro ya rubuta, don a riƙa ba shi kuɗin iyali. Aka nemi takardar haihuwar amarya, aka ɗauko wadda ke akwai. Azara Mamani kuwa ɗaya ce tak a wajen gwamnati. Ni ina can Yamai ina fama da lissafi, ashe an aurar da ni, har na haihu sau biyu.

Na ce, "Haba Mushe Cindo! Kai fa ka san ni. Ka san ni ce Baraka."

"Ni na sani. Kowa ya sani. Yamai ce ba ta sani ba."

"To a gyara mana."

Ya cire tabarau ya ajiye. "A gyara, ɗiyata? In anka gyara, ke Baraka ce. Baraka kuwa ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. Bak na Azara ne, bursi na Azara ne, kujerar Dakar ta Azara ce. Kuma sai an tambayi Elhaji yadda anka yi."

"In ba a gyara ba fa?"

"Ke matar aure ce. Ba zan aika dosiyen matar aure ba sai mijinta ya zo nan ya sa hannu ya yarda ta tahi, da shaida guda, ma'aikaci wanda ya iya karatu."

Oh ni Baraka! Na fito daga buro takalmin nan mai tudu a hannu, don ƙafata ta ƙi ɗaukarsa. A hanya wata tsohuwa ta ce min, "Barka da arziki, ƴar Dakar," na ce mata, "Lafiya lau."

Da Kawu ya ji, sai ya aika aka kira Almu. Aka zauna a zaure, ni da Inna Uwale muna daga bakin ƙofar cikin gida. Almu ya zo da kakinsa na aiki, yana warin maganin shanu, ya durƙusa ya gaida surukinsa, kansa a ƙasa. Bawan Allah ne mai kunya, ko ni ba ya iya haɗa ido da ni.

Kawu ya gyara babbar riga ya ce, "Abin ai mai sauƙi ne. Tunda a takarda anka ƙulla, a takarda za a kwance. Almu, gobe ka tahi buro ka ce ka saki Azara Mamani. Cindo shi rubuta. Yarinya ta zama ba ta da miji, ni in sa mata hannu. Kai kuma ka koma gida wajen iyalinka, ba wanda ya ji."

Almu ya ɗago a firgice. "Baba Elhaji, in ce na saki Azara?"

"A takarda, na ce."

"Da bakina zan faɗa, Baba. Gaban mutane. Azara ɗiyar Mamani. Saki ai ba a wasa da shi. In na faɗa ya faɗu."

Kawu da ke raba gardamar ƴan kasuwa daga nan har Maradi, ranar nan sai ya koma jan carbi.

Inna Uwale ta fashe da kuka daga bayana. "Ni dai na shiga uku! Na ɓoye ɗiya don kar lakwal ta ɓata min ita, yau lakwal ta biyo ta har ɗakin mijinta za ta kashe mata aure!"

Na ce, "Inna, ni fa? Ni ba a ta tawa?"

Ta share hanci da bakin zane ta ce, "Ke ai kin iya Faransanci."

Ku ji fa. Har yau ban gane abin da Faransanci zai yi min a wannan wuri ba.

Kawu ya ce to Almu ya sa hannu a matsayin miji kawai a huta. Almu ya ce shi ba zai iya tsayawa gaban hukuma ya nuna wata mace ya ce matarsa ce ba, sai in Azara da bakinta ta yarda. Aka tashi a haka.

Da la'asar Mijinyawa ya zo. Labari ya riga ni isa wajensa, Dakoro ce. Muka tsaya gindin dogon yaron ƙofar gida, yana riƙe da kan kekensa, ni ina murza bakin mayafi.

Ya ce, "Ki faɗi gaskiya a gyara sunan."

"In rasa Dakar?"

"Ki sake bak da sunanki."

"Da wace takarda, Mushe? Baraka ko aji ɗaya ba ta yi ba. In koma in zauna cikin ƴan ajinka ina haddace baƙaƙe?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin san mi zai faru in Almu ya sa hannu? Dakar za ta san ki matar Almu. In kin dawo, gwamnati za ta tura ki aiki inda Almu yake, don kar a raba mata da miji. Ni in an ɗaura mana aure a masallaci, a buro ban da mata. Ranar da Allah ya ba mu haihuwa in je rubuta yaro, a tambaye ni sunan uwa, in ce Azara Mamani. Cindo ya dube ni ya ce, wannan ai matar Almu ce. Ɗan wa zai rubuta?"

Wallahi ban kai da tunanina can ba. Ni Dakar kawai nake gani.

Na ce, "Takarda ce fa kawai."

"Takarda ce za ta kai ki Dakar, Baraka. In ba komai ba ce, ki bar ta mana."

Raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, wannan kam ba sai an gaya muku ba. Na ce, "Wato so kake in zauna in riƙa goge maka keke? Kai ka yi naka karatun da sunanka, ba wanda ya ɗaura maka zanen wani!"

Ya juya kan keken. Sannan ya ce, "Ban ce ki zauna ba. Ban kuma ce ki tahi ba. Na gaya miki abin da ke akwai ne."

Ya hau kekensa ya tafi, ko ƙararrawa bai kaɗa ba. Na shiga gida na faɗa kan gado na yi kuka har kallabin ya jiƙe. Abin haushi, ban san wa nake jin haushi ba. Inna? Ita ta sa aka kai ni lakwal ɗin da nake taƙama da ita. Almu? Haƙƙinsa ya nema. Mijinyawa kuwa ko kalma ɗaya bai faɗa ba wadda ba gaskiya ba ce, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Na je likita aka auna ƙirjina, aka yi min allurar shawara hannuna ya kumbura. Na je wajen mai hoto na zauna gaban baƙin ƙyalle, ya ce in yi murmushi na ce ba na yi. Kawu ya sa aka kawo min akwatin ƙarfe kore daga Maradi, Inna tana ta cusa kuka da daddawa da yaji a ciki, wai an ce mutanen Dakar kifi kawai suke ci. Komai na dosiye ya haɗu sai abu ɗaya. Azara kuwa tun ranar zaman zaure ba ta sake leƙo gidanmu ba, Mijinyawa ma haka.

Da na ga wata na neman ƙarewa, na ɗauki mayafi na nufi gidanta can wata unguwa da hantsi. Na same ta gindin turmi tana surfe, ƙaramin na barci a bayanta. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Ba baiwata, ba tsokana.

Na ɗauki ɗaya taɓaryar na kama mata. Muka yi ta lugude. Hannuna da ya saba da biro ya fara zafi, amma na ƙi tsayawa.

Can ta ce, "An ce Baba ya ce a sake ni don ki tahi karatu."

"A takarda ya ce, Azara. Kuma ba a yi ba."

"Na sani. Almu ya gaya min." Ta jingine taɓarya. "Ke kin san ranar da anka sa ni rumbu ina leƙenki? Akwai ƴar huda. Na ga gardi ya kama hannunki, kina tafe kina taka zanena don ya yi miki tsawo. Kuka na yi har na shaƙe da ƙaiƙayi."

"Don zanen?"

"Don ni nake son zuwa."

Duk tsawon shekarun nan, ni na ɗauka ni aka yi wa ƙeta, ita aka tsirar. Na sha zama a makarantar kwana ina cin wake da tsakuwa ina cewa Azara na can tana shan fura mai nono. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayarta ba.

Na ce, "Mi ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Inna?" Ta kwance goyon ta gyara shi. "Duk hutu kina dawowa da littattafai, sunana a bayansu. Shi kaɗai na iya ganewa, na san shi da wannan mai kama da bukka a farko. Ranar da rediyo ta faɗe shi, ina nan gindin turmin nan na ji daga gidan maƙwabta. Wallahi sai da na amsa."

Hawaye suka zubo min. Na ce, "Ki yafe min."

"Mi kinka yi min? Kar ki ɓata min gero da majina." Ta janye turmin daga gabana. "Na gaya wa Almu shi sa hannu. Tun shekaranjiya na gaya mishi, ina jira ne in ga ko girman kan ƴan lise zai bar ki ki zo ki tambaye ni."

"Azara..."

"Tsaya, ban gama ba. Sunan nan da shi za a san ƴaƴana, kar ki je ki zubar min da shi a garin mutane. Kuma duk abin da sunan ya gani can, ki zo ki gaya min. Ruwan nan na Dakar da anka ce ba a ganin ƙarshensa, ki duba min da kyau ko ƙarya ce." Ta harare ni. "Mijina kuma hannunsa kawai na ara miki. In kinka ƙara ko da kallo ne, sai na daka ki cikin turmin nan."

Na yi dariya ina kuka, ita ma haka. Ta dama min fura na sha, na fito zuciyata wasai. Sai da na kai bakin hanya na tuna ashe rabin matsalar kawai aka warware.

Saura shaida. Ma'aikaci, wanda ya iya karatu. Damina ce, sauran malaman lakwal duk sun tafi garuruwansu hutu. Malamin asibiti ya ce shi baƙo ne, ba ya shiga abin da bai ga farkonsa ba. Na posti ya ce yana da iyali. Cindo ya ce mai rubutawa ba ya zama shaida. Kowa ya san ma'aikaci ɗaya da ya rage a garin, ni ma na sani, amma na rantse ko za a yanka ni ba zan tambaye shi ba. Da wane baki?

Ranar da motar posti za ta ɗauki takardu zuwa Maradi, muka tafi buro haka nan, ni da Kawu da Almu, ko Allah zai jefo wani. Na sa baƙin mayafi, ban shafa ko kwalli ba. Almu ya sa kakinsa wankakke, yana ta zufa tun kafin mu isa. Cindo ya buga takardar a keken rubutu ya karanta mana: shi Almu ya yarda matarsa Azara Mamani ta tafi Dakar karatu. Almu ya karɓi biro, ya sa hannu, ya ja da baya har ya bugi bango.

Cindo ya ce, "Shaida fa?"

Kawu ya duba ƙofa. Ni na duba ƙasa. A waje ana jin direban posti yana zuba wa motarsa ruwa yana zagin yaron mota.

Sai na ji an jingine keke a jikin bango.

Ya shigo da farar rigarsa, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ba Almu hannu, ya ba Cindo. Ni ko kallona bai yi ba. Ya jawo takardar ya karanta ta daga sama har ƙasa, a tsanake, kamar yana gyaran jarrabawar yara.

Cindo ya yi gyaran murya. "Mushe Mijinyawa, ka san abin da za ka shaida?"

"Na sani."

"Dole in tambaya. Ka shaida wannan da ke tsaye ita ce Azara Mamani, matar Almu?"

Na so in ce kar ya amsa. Wallahi na so. Bakina ya buɗe, amma sai na hango motar posti ta taga, na rufe shi.

Ya ce, "Na shaida."

Ya zaro shuɗin biro daga aljihu, ya rubuta sunansa cikakke, ya sa hannu, ya mayar da murfin. Cindo ya buga hatimi, ya zura takardar cikin dosiye, ya miƙa wa direba ta taga. Kawu ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana." Mijinyawa ya ce amin, ya fita.

Na bi shi da gudu, ban damu da Kawu na gani ba. Na cim masa ya riga ya ɗora ƙafa bisa feda. Na riƙe kujerar keken ta baya.

"Mushe, tsaya. Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya min. Na san yau mota ke tashi."

"Kai fa ka ce in anka sa hannu..."

"Na ce. Kuma har yanzu haka ne."

"To mi ya sa ka yi?"

"Don kin ci, Baraka. Ba wanda ya ci miki."

Motar posti ta wuce mu tana watsa ruwan taɓo, dosiyena a cikinta. Na bi ta da kallo har ta sha kwana. Za ni Dakar ke nan, abin da nake roƙon Allah tun ina aji shida, amma ƙirjina kamar an ɗora min buhun gero.

Na ce, "Mushe, don Allah ka gaya min gaskiya. Abin nan da ka yi, kyauta ce ka yi min ko sallama?"

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. Idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Tun asuba nake tambayar kaina. Ki saki keken, mutane na kallo, ke matar aure ce."

Na saki.